Inda Ya Dace a Ci Abinci a Tafiyar Duba Makarantu Tsakanin Gusau da Birnin Kebbi

Da zarar sakamakon JAMB ya fito, makarantu kuma suka fara kiran ɗalibai zuwa tantancewa, iyaye da yayye da kawunnai kan ɗauki hanya da yaransu domin su gane wa idonsu inda za su ajiye su. Mai nema wa ɗansa gurbi a wannan yanki yana da wuraren zuwa da dama. A Zamfara akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata a cikin Gusau, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda, da jami'ar jiha a Talata Mafara. A Kebbi akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ita ma ta 2013, da Kwalejin Waziri Umaru a cikin Birnin Kebbi, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Wanda ya yi niyyar zagaya biyu ko uku daga cikinsu, tilas ya yini a mota, galibi ma ya kwana a hanya, kuma tilas ya ci abinci a garin da bai san kowa ba.

Mutane da yawa ba su ɗauki wannan da muhimmanci ba, sai su ce ai duk inda yunwa ta kama mutum ya tsaya ya ci. Ni ban yarda da haka ba, saboda dalili biyu. Na farko, wasu daga cikin makarantun nan ba a cikin gari suke ba: jami'ar Gusau tana wajen gari a kan hanyar Zariya, ta Birnin Kebbi kuma tana yankin Kalgo, don haka wanda ya shiga layin tantancewa da safe bai shirya cikinsa ba zai kai la'asar da yunwa. Na biyu, abincin da aka ci a wannan tafiya wani ɓangare ne na binciken da aka zo yi, domin yaron da aka rako zai shafe shekaru yana ci a wuraren nan, kuma ba za a san halin da zai shiga ba sai an zauna a bencin da zai zauna.

Ma'aunan da za a duba

Abu na farko shi ne kuɗi. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin abinci bai zauna wuri ɗaya ba, shi ya sa ba zan ɗora wa kowane faranti adadi ba. Abin da ba ya canzawa shi ne wane wuri ya fi wane tsada. A ƙarƙashin kuɗi har da yadda ake biya, domin mai tuwo da yawa ba ta karɓar taransifa, kuma a wasu garuruwan hanya sabis na waya yakan yi rauni.

Na biyu shi ne riƙe ciki da jure hanya, wato ko abincin zai kai mutum daga hantsi zuwa la'asar, kuma ko zai lalace idan an ɗauke shi a mota. Daga Maris zuwa Mayu zafi a wannan yanki yakan haura digiri 40, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin kada a bar dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba kuma ba a firji ba.

Na uku shi ne sauƙi da lokaci. A hanyoyin Zamfara musamman, da wasu sassan Kebbi, matsalar tsaro ta sa duk mai hankali yana son ya isa masaukinsa da sauran rana, saboda haka awa ɗayar da aka ɓata ana jiran a soya kaza tana iya zama ita ce za ta sa magariba ta riski mutum a daji.

Na huɗu shi ne haɗarin lafiya, wanda ya fi yawa a ruwa da abin da ba a dafa ba. Amai da gudawa kan ɓarke a jihohin nan da damina, taifot kuma ba ta da lokaci. Na biyar, wanda nake ba shi nauyi fiye da yadda aka saba, shi ne abin da wurin zai koya wa uba ko uwa game da rayuwar da ɗansu zai yi.

Guzuri daga gida

Babu abin da ya kai guzuri araha idan mutane sun kai huɗu ko biyar a mota, kuma babu abin da ya kai shi kwanciyar hankali, tunda an san hannun da ya dafa da ruwan da aka yi amfani da shi. Yana kuma raba matafiyi da tsayawa a inda bai kamata ya tsaya ba. Sai dai guzuri iri biyu ne, kuma a nan ake yawan kuskure. Akwai busasshe, irin su dambun nama, kilishi, soyayyen naman da ya soyu ƙarau, ƙuli-ƙuli, dabino, cincin, burodi da garin rogo da sukari, waɗanda za su kwana biyu ko uku ba su canza ba. Mutanen Zamfara suna da hoce, wanda tun asali abincin matafiya ne, mai nauyi a ciki, mai jure hanya. Akwai kuma dafaffen guzuri, wato dafa-duka, taliya, alale, ko shinkafa da miya a kula, wanda aka dafa da asuba. Wannan a ci shi kafin hantsi ya yi nisa. Shinkafar da aka zuba a kula da ƙarfe biyar na asuba a Gusau, aka buɗe ta da azahar a Tambuwal bayan ta sha zafin but ɗin mota, ko da ba ta yi tsami a baki ba, tana iya kwantar da duk mutanen motar.

Aibin guzuri shi ne bai koya wa kowa komai game da makarantar ba. Iyalin da suka shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya suka ci abin da suka zo da shi sun ƙoshi, amma sun koma gida ba su san ko ɗansu zai sami abin ci da kuɗin da za su riƙa aika masa ba.

Mai shayi da masu koko da ƙosai

Don karin kumallo, waɗannan su ne gatan matafiyi. A kowace babbar tasha, ta Gusau ce ko ta Jega ko ta Birnin Kebbi, ana idar da sallar asuba za a tarar da tukunyar mai shayi tana tafasa, mai ƙosai kuma ta ɗora kasko. Farashinsu mai sauƙi ne, ba a jira, kuma ta fuskar lafiya suna da wani fifiko da ba a cika lura da shi ba: ruwan shayi tafasasshe ne, ƙwai da indomi a gabanka ake soya su, ƙosai daga cikin mai ake tsamo shi, waina kuma daga tanda ake kwashe ta. Abin da za a sa wa ido shi ne bokitin da ake ɗauraye kofuna, wanda a wasu teburan ba a canza ruwansa tun safe. Wanda ya riƙe kofinsa ko ƙaramin filas ya huta da wannan.

Rauninsu shi ne ba sa riƙe ciki. Shayi da burodi ba za su kai matashi azahar ba idan zai yi ta hawa da sauka tsakanin ofisoshi. Koko da ƙosai ko waina da miya sun fi su daɗewa. Kuma tsakiyar rana ba lokacinsu ba ne, sai da yamma su sake fitowa.

Masu tuwo da shinkafa na bakin ƙofar makaranta

A nan nake son mai karatu ya daɗe, domin a ganina nan ne ya fi dacewa a ci babban abincin yini. Kusan kowace makaranta tana da jerin rumfuna a bakin ƙofarta ko a unguwar da ɗalibai suka fi kama haya, inda ake sayar da tuwon shinkafa ko na masara ko na dawa da miyar kuka, ko kuɓewa, ko taushe, da shinkafa da wake da mai da yaji, da ɗanwake, da dambu, da awara. A Kebbi, inda shinkafa take ta gida daga fadamun Argungu da kewaye, tuwon shinkafa ba abin marmari ba ne, abincin yau da kullum ne. Farashin rumfunan nan an yanka shi ne daidai aljihun ɗalibi, kuma mutum shi ke faɗin na nawa za a zuba masa. Malmala biyu da yankan nama ɗaya za su kai magidanci dare.

Amma rumfa ba ɗaya ba ce da rumfa, kuma gane ta kirki yana da hanya. Kada a tambayi wanda ya tare ka a bakin titi yana kiranka. A tambayi masu gadin ƙofa, ko direban da ya kawo ku, ko ɗan kabu-kabun da ke tsaye a inuwa, kuma a iya tambayar. Idan aka ce, "Ina wurin abinci mai kyau?" za su nuna wuri mafi tsada, don suna ganin baƙo ne mai mota. Abin da za a ce shi ne, "Baba, don Allah ku a ina kuke cin abincin rana?" Amsar wannan ita ce ake nema. Haka ma ɗalibin da ya shekara biyu a makarantar ya san rumfar da ta taɓa ɓata masa ciki da wadda bai taɓa jin an yi kuka da ita ba.

Idan an isa, a tsaya a duba kafin a zauna. Rumfar da ke cike da ɗalibai da ma'aikata da azahar tana ƙarar da abincinta kullum, ba ta da kwantai da za ta ɗumama gobe. A lura ko miya tana kan wuta tana tururi ko an sauke ta tun ɗazu har mai ya kwanta a samanta. A lura ko mai zubawa ita ce mai karɓar kuɗi da hannu ɗaya, ko akwai yarinyar da ke wannan aiki. A leƙa bayan rumfar, inda ake wanke kwanuka: baho biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, da jarkar ruwa mai murfi, alama ce ta mai kula; baho ɗaya da ruwa ya yi kauri, ƙuda na bin sa, ya isa dalilin a yi sallama a ƙara gaba. Ba laifi ba ne a ce, "Hajiya, yaushe aka sauke wannan shinkafar?" Mai sana'ar da ta yarda da kayanta za ta amsa ba tare da ɓacin rai ba, sau da yawa ma ta buɗe tukunyar ta nuna.

Ko a rumfa mai tsafta, shawarata ita ce baƙo ya bar ɗanyen kabeji da latas da tumatir da ake barbaɗawa a kan shinkafa, ya kuma bar ruwan randa da zoɓon da aka ƙulla a leda, ya sha ruwan roba ko na leda mai lambar NAFDAC. Ɗalibin da ya zauna a garin cikinsa zai saba da wasu abubuwa, amma mai sauran tafiyar awa uku ba shi da damar gwaji.

Babbar ribar wannan zaɓi ita ce abin da ake ji a kan benci. A zama ɗaya uwa za ta ji nawa ɗalibi yake kashewa a yini, ko ana samun ruwa a ɗakunan kwana, ko ana barin girki da risho ko gas, ko mata suna iya fitowa sayen abinci bayan isha'i, da nawa ake biyan kabu-kabu zuwa kasuwa. Babu ofishin da zai ba da wannan bayani da irin wannan gaskiya. Aibinsa kuwa, wurin zama ƙunci ne, sau da yawa babu ban-ɗaki, babu keɓaɓɓen wuri ga mata, kuma idan aka wuce ƙarfe uku an kwashe mai kyau.

Kantin cikin makaranta

Iyayen da suka yi jami'a a da suna tuna babban ɗakin cin abinci da tikiti mai rahusa. Wannan tsari ya tafi tun shekarun 1980, lokacin da gwamnati ta janye hannunta daga ciyar da ɗalibai. Yanzu 'yan kasuwa ne ke karɓar haya a cikin harabar suna dafawa. Farashinsu yakan ɗara na bakin ƙofa kaɗan, amma akwai kujera da inuwa, kuma hukumar makaranta tana da ikon korar wanda aka yi ƙorafi a kansa, abin da ke sa su ɗan kiyaye. Ga mai jiran a kira lambarsa a wajen tantancewa, babu wurin da ya fi wannan sauƙi, tunda ba sai ya fita ya sake shigowa ba. Matsalarsa ɗaya ce babba: yana bin kalandar karatu. Idan ɗalibai suna hutu, ko ana yajin aiki irin na ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, da ya ɗauki wata takwas a 2022, yawancin shagunan a rufe suke, waɗanda suka buɗe kuma ciniki ya ja baya, abinci yana daɗewa a kula. A bincika ko ana karatu kafin a dogara da shi.

Gidan abinci na zamani da na otal

Irin waɗannan a Gusau da Birnin Kebbi aka fi samunsu, sai Sakkwato ga wanda hanyarsa ta ratsa ta can. A ƙananan garuruwa ba a cika samu ba. Su ne mafi tsada, nesa ba kusa ba, kuma abin da ake biya ba abincin kaɗai ba ne, har da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, da ban-ɗaki, da wurin ajiye mota, da damar biya da kati. Ga wanda ya taho da tsohuwa, ko mai jego, ko mai ciwon suga da ke buƙatar zaɓar abin da zai ci, waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne.

Sai dai kada tayil da gilashi su ruɗi kowa. Soyayyar shinkafar da ke cikin akwatin gilashi tun safe, a garin da wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, ba ta fi tuwon da aka kwashe yanzu aminci ba, haɗin kabeji mai mayonis kuma shi ne abu na farko da zafi ke lalatawa. A otal kuwa, inda sai an yi oda ake ɗora tukunya, abincin sabo ne amma jira yakan yi tsawo. Wannan ya sa ya fi dacewa da dare, bayan an sauka an ajiye kaya, ba da rana ana kan hanya ba.

Nama, kifi da fura

Ba a ratsa ƙasar nan a ce ba a taɓa tsire ko balangu ba, kuma wanda ya je Argungu, garin da ake bikin kamun kifi tun 1934, ko ya gangara Yawuri a bakin Neja, zai so ya ɗanɗana tarwaɗa ko ƙarfasa ko giwan ruwa. Farashinsu matsakaici ne zuwa mai tsada, gwargwadon yadda aka saya, kuma ba sa ƙosarwa sai an haɗa da burodi, gurasa ko waina. Ƙa'idarsu ɗaya ce: a mayar da shi wuta a gabanka har ya yi zafi ciki da waje. Naman da aka jera a tire tun rana, ƙura na sauka a kansa, ana miƙo shi ta tagar mota, a bar shi. Masu nama na kirki da la'asar suke fara aiki, don haka wannan ma abincin masauki ne.

Fura da nono tana riƙe ciki ƙwarai, tana da araha, kuma da zafi babu abin da rai ke so kamarta. Haɗarinta yana cikin ruwan da aka dama da shi da ƙanƙarar da aka jefa, da kuma nonon da ba a tafasa madararsa ba. Hanya mafi aminci ita ce a sayi curin fura, a dama da yogot na kamfani da ruwan roba. Direba kuma ya sani fura tana kawo barci.

Ga taƙaitawa a jadawali:

| Zaɓi | Kuɗi | Riƙe ciki | Sauƙi da lokaci | Haɗari | Sanin makaranta |
|---|---|---|---|---|---|
| Busasshen guzuri | Mafi araha | Matsakaici | Babu tsayawa | Kaɗan ƙwarai | Babu |
| Dafaffen guzuri | Araha | Sosai | Babu tsayawa | Yana ƙaruwa bayan awa biyu | Babu |
| Shayi, koko da ƙosai | Araha | Kaɗan | Safe da yamma | Kaɗan | Kaɗan |
| Rumfar bakin ƙofa | Araha | Sosai | Azahar, babu jira | Ya danganta da rumfar | Mai yawa |
| Kantin makaranta | Matsakaici | Sosai | Sai ana karatu | Matsakaici | Mai yawa |
| Gidan zamani da otal | Mafi tsada | Sosai | Manyan garuruwa, akwai jira | Matsakaici | Babu |
| Nama da kifi | Matsakaici zuwa tsada | Matsakaici | Daga la'asar | Kaɗan idan da zafi | Babu |

Akwai abin da bai shiga jadawalin ba, wato gidan dangi ko na aboki. Abinci ne mafi daɗi da aminci, kuma zumunci ne, amma gaisuwa da jiran a sauke tukunya suna cin lokaci, kuma ba a shiga gidan mutane hannu rabbana. A sanya shi a daren da za a kwana a garin, ba a tsakiyar yinin da ake da sauran tafiya ba.

Wanne ya dace da wa

Wanda zai je makaranta ɗaya ya dawo a yini guda, misali daga Gusau zuwa Talata Mafara ko Ƙaura Namoda, ko daga Birnin Kebbi zuwa Aliero, ya karya da koko da ƙosai kafin mota ta tashi, ya ci tuwo ko shinkafa da wake a bakin ƙofar makarantar da azahar, ya kama hanya kafin la'asar da dabino da ruwa a jaka.

Wanda zai yi doguwar tafiya daga Gusau ta Sakkwato, ya bi Tambuwal da Aliero da Jega har Kalgo, ya dogara da busasshen guzuri tsakanin gari da gari, kada ya tsaya sai a cikin babban gari mai jama'a, ya ci abincin rana a makarantar da azahar ta same shi, nama ko kifi kuma ya bari sai ya sauka.

Iyali mai tsofaffi ko ƙananan yara ko marar lafiya su zaɓi gidan abinci na zamani saboda wurin zama da ban-ɗaki, su nemi abin da aka dafa yanzu, amma su tura ɗalibin da wani babba su ci a rumfar bakin ƙofa su dawo da labari. Mai rakiyar 'ya mace ya fi kowa buƙatar cin abinci a cikin harabar, kusa da ɗakin kwanan mata, domin ya ga nisan da za ta riƙa takawa da irin mutanen da ke zama a wurin.

Mai ƙaramin ƙarfi, wanda kuɗin mota da na fom suka riga suka cinye aljihunsa, ya ɗauki guzuri na dukan tafiyar, amma ya ware kuɗin faranti ɗaya a rumfar ɗalibai, ko da su biyu za su ci, ya riƙe tsabar kuɗi ƙanana don kada canji ya tsayar da shi. Wanda tafiyarsa ta faɗo ranar Juma'a ya ci kafin ƙarfe ɗaya, domin rumfuna da yawa suna dakatawa lokacin masallaci. Wanda kuma ta faɗo masa cikin azumi, kuma ya ɗauki rangwamen matafiyi ko yana tare da yara, ya taho da abincinsa, domin da rana da wuya ya sami tukunya a kan wuta a garuruwan nan.